Allon Turancin Malam

Mahaifina ya haura sittin lokacin da ya ce in koya masa Turanci. Dukanmu Malam muke ce masa, har Inna. A unguwarmu ta Kibiya in aka ce Malam ba a tambayar wanne. Shi ke koyar da karatun allo a soron gidanmu, shi ake zuwa wa a kan ciwon kai da firgitar yara da naƙuda ya yi rubutu, a wanke a sha ba tare da an tambayi abin da ke ciki ba. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, sana'a kuwa bai iya ko ɗaya ba. Yardar da mutane suka yi wa allonsa ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ita nake jin tsoro a kanta tun ranar da muka fara.

Shekarun da aka dawo mulkin farar hula ne, zancen Shari'a ya cika gari. Aka kira malaman allo wani ofis, wai za a tantance su. Wani akawu da bai kai ni shekaru ba ya jero wa Malam tambayoyi da Turanci don na kusa da shi su ji, da ya ga bai amsa ba sai ya turo masa kwalin tawada ya ce ya dangwala. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau biyu! Ya dangwala, ya dawo gida da shuɗin yatsa, bai gaya wa kowa ba. Sai ranar Juma'a da yamma, da na iso daga Rano inda nake koyar da Turanci a firamare, ya kira ni ɗakinsa ya tura ƙofa, ya ba ni labarin.

“Ticha,” haka yake kirana in yana jin tsokana, “wannan yaren naku yana da nahawu kuwa, ko zuba shi ake yi yadda ya zo baki?”

Na ce yana da shi. Ya ce to gemu ba ya hana ilimi, in zauna. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya ji, har Inna. A lokacin akwai samari da suka dawo daga birni suna wa'azin cewa rubutun sha ba shi da asali, biyu daga cikinsu ma a soronmu suka yi babbaƙu da farfaru. Jira suke Malam ya yi tuntuɓe su samu abin faɗa, shi ma ya san da haka.

Ni mutum ne mai saurin hawa, yaran ajina sun san ni da wannan. Amma ka yi wa ubanka tsawa ka gani. Sai dai in cije leɓe in sake maimaitawa. Na fara masa da yadda ake jera jimla: mai aikin a gaba, aikin a tsakiya, wanda aikin ya faɗa wa a ƙarshe. Ya gyaɗa kai ya ce ai fa'ili ne da fi'ili da maf'uli, sai dai Balarabe yana son ya fara da aikin, Bature kuwa sai ya fara ambaton kansa. Na zana masa gidaje uku a takarda, na nuna masa yadda ake cire kalma a gida ɗaya a sa wata, jimlar ta canza amma ginin yana nan. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce sarfu ne kawai aka sa wa wando.

Inda muke samun rigima shi ne wurin kalmomin da ba sa bin ƙa'ida. Na koya masa yadda ake liƙa wa aiki wutsiya in ya zama na jiya, ya haddace, sai ga kalmar tafiya ta zo, ta yau daban ta jiya daban, ko kama ba su yi ba. Ya ajiye takardar ya ce, “Waɗannan ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wa ya ba su izini?” Na ce haka aka gada. Ya ce wannan amsar ragon malami ce. Haka kuma da na gaya masa Bature ba ya shan magani, ɗauka yake yi, ya tambaye ni in ya ɗauka ina yake kai shi. Ranar na yi dariya har ya harare ni. Akwai kuma wani ɗan harafi da ake ƙara wa aiki idan mutum ɗaya ne yake yin sa, shi ko ita. Wannan harafin Malam ya tsane shi, kullum sai ya bar shi a hanya.

Bayan mako uku ya ce takarda ba ta riƙe masa karatu. Abin da bai hau allo ba, ba ya zama a kansa. Ya ce in sayo masa sabon allo a kasuwar Rano, kada in saya a Kibiya a yi ta tambaya. Daga nan ni ina faɗa, shi yana rubutawa da ajami, da alƙalaminsa da tawadarsa ta kullum, yana sa wa Turanci wasali sama da ƙasa, sannan ya zauna yana rangaji yana hadda a hankali. Ya kiyaye iyaka iyakar ƙoƙarinsa. Bai taɓa buɗe wannan allon da bisimilla ba, ruwan wankinsa kuma da kansa yake kaiwa kwata ya zubar, ba ya haɗa shi da na ayoyi. Wurin ajiyarsa bayan buhun dawa ne a ƙuryar ɗaki, kuma ya gargaɗe ni ya fi sau nawa kada ya kwana ko ya yini a waje. Wanda ya hango shi daga nesa ba zai bambanta shi da sauran allunan gidan ba.

Abin ya faru wata Asabar a tsakiyar damina. Maƙwabcinmu na bayan gida, manomi ne, tsohon ɗalibin Malam, matarsa ta yi ɓari sau biyu, wannan ne ciki na farko da ya kai wata tara. Bayan sallar asuba ya zo ya ce ta fara naƙuda. Malam ya yi rubutu, ya jingine allon a bakin ƙofar ɗakinsa ya sha iska. Sai ga saƙon rasuwar wani abokin karatunsa a Tarai, dole ya tafi jana'iza. Ya ce wa Inna in an aiko ta wanke allon da ke jingine a bakin ƙofa ta ba su. Duk wannan ina barci, ban ji ba.

Da na tashi na ga ba ya nan, sai na ce bari in duba aikin da na ba shi jiya. Ɗakin da duhu, na ciro allon Turancin na fito da shi bakin ƙofa wurin haske. Layi na biyu ya sake barin ɗan harafin nan. Raina ya ɓaci, na tsaya ina ƙunƙuni ni kaɗai, sai na ji wani abokina yana sallama a waje. Na jingine allon a kan wanda na tarar a wurin, da nufin yanzu zan dawo. Muka wuce wajen mai shayi, aka ɗauko gardamar kansila da ciyaman, ni kuwa in ana gardama ba na iya tashi sai na ga bayanta. Na fi awa ɗaya.

Na shigo gida na tarar da Inna tana ɗauraye ƙwarya. A bakin ƙofar Malam allon gaba jiƙe yake, fes, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Na ɗaga shi. Na bayansa yana nan da rubutunsa, bisimilla a sama, ayoyi a jere har ƙasa. Na juya wurin Inna.

“Inna, wa ya wanke wannan?”

“Ni mana. An aiko daga bayan gida, uwar mijin ta zo da kanta.” Ba ta ko ɗago ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kallona sosai in tana magana. “Lafiya kake tsaye a kaina?”

Na ce lafiya. Inna ta iya sallarta da 'yan surorinta, amma ba ta karanta rubutun hannu, kuma abin da aka ce ta yi shi ta yi. Laifin nawa ne ni kaɗai. Maimakon in faɗa, sai na karɓi ƙwaryar, na wanke allon gaskiyar da hannuna, na zaga bayan gida na yi sallama. Tsohuwar ta fito, na ce Malam ya ce a ƙara da wannan. Ƙarya na yi, kuma da sunansa na yi ta. Ta karɓa hannu biyu tana sa masa albarka, ta ce ai na farkon mai naƙudar ta shanye shi tas, ko ɗigo ba ta rage ba.

Na dawo na zauna a gindin katangar da ta raba mu da su. Hadari ya haɗu, aka fara yayyafi, ban tashi ba. Daga can ba a jin komai sai muryar ungozoma jefi-jefi, don matar tasa yarinya ce mai kunya, ba ta yarda a ji kukanta ba, shirun nan kuma ya fi kuka tayar mini da hankali. Ɗan bokon da ke cikina yana ce mini gawayi ne da ƙaro, ko me aka rubuta da shi ba zai cuce ta ba. Amma ni a soron nan na tashi, da ruwan allo aka raine ni, wannan hujjar ba ta kwantar mini da hankali ba. Abin da nake ta juyawa shi ne, in wani abu ya same ta ko abin da ke cikinta, kuma maganar ta fito, Malam ba zai sake ɗaga kai a Kibiya ba. Azahar ta yi, ta wuce, ba labari.

Malam ya dawo gab da la'asar, rigarsa ta jiƙe. Tun daga soro ya tambayi Inna ko an sauka, ta ce da saura. Ya nufi ɗakinsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Alluna biyu wankakku a jingine, ɗaya tsoho baƙi, ɗaya sabo. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya waiwayo ya dube ni ya shiga ciki. Na bi shi na tura ƙofa.

“Wanne aka fara kaiwa?”

“Sabon.”

“Ta sha?”

“Ta sha. Amma na kai na gaskiyar daga baya, Malam. Na ce kai ka ce a ƙara.”

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki dorinar da yake tsorata yara da ita. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi salati, ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi. Na gane inda zai je, na tare ƙofa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ya dubi Allah, yarinyar tana tsakanin rai da mutuwa, in ta ji yanzu zuciyarta za ta karaya. Ya tsaya yana huci, gemunsa na ɗigar ruwa. Can ya cire takalmin ya ce, “Saboda ita na fasa. Tashi ka nemo mota, in ta wuce magariba a kai ta asibiti.” Ya hau buzunsa ya fuskanci gabas ya kama karatu.

Na hau babur cikin taɓo na zaga tasha da gidajen masu mota. Da ƙyar na samu wani mai a-kori-kura ya ce zai zo in ya yi salla. Ina shigowa lungunmu na ji guɗa daga bayan gida. An samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. Na kashe babur na zauna a kansa, hawaye suka zubo mini, ina cewa a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Ashe da sauran rina a kaba. Washegari da sassafe na tarar da Malam a ɗaki, na durƙusa na ce tunda an rabu lafiya a bar maganar. Na ce ai ta sha ayoyin daga baya, kuma ba wanda ya sani daga ni sai shi sai Allah.

Ya ce, “To ai ka lissafo wanda nake tsoro.”

Na ce samarin nan fa, in suka ji sun samu abin da suke nema. Na ce shekara arba'in yana gina sunan nan, kada ya rushe shi a kan sakarcina. Muryata ta fara tashi, na manta da wa nake magana.

“Ticha, yarinyar nan ta yi bisimilla ta kafa kai ta sha, tana zaton maganar Ubangiji ce. Daga gidana ƙwaryar ta fita. Anjima mijinta zai zo ya gode mini, kana so in miƙa hannu in karɓa?”

Da hantsi kuwa sai ga shi, shi da yayyensa biyu da wani kawunsa, da goro a leda. Soron akwai mutane, dattawan da ke zuwa gaisuwa kowace safiya da manyan ɗalibai. Maƙwabcin ya durƙusa, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Ya ce ungozoma ta riga ta fid da rai, amma shi ya san tunda rubutun Malam ya shiga ciki ba abin da zai faru. Ya ce bara da bara waccan ma da sun zo da wuri da ba a yi asara ba. Ana ta cewa haka ne, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa ina roƙon Allah ya sa ya yi shiru.

Malam ya bari ya gama, sannan ya ce akwai maganar da zai faɗa, kuma yana so kowa ya ji don kada a ji ta a wani bakin. Ya ce ƙwarya biyu aka kai jiya. Ta biyun ayoyi ne. Ta farkon kuskure aka yi a gidansa aka wanke wani allo daban, wanda yake koyon Turanci a kansa. Ya ce Allah ne ya sauke ta da ikonsa, shi kuma yana neman gafararsu, musamman ita mai jegon. Bai ambace ni ba, bai ambaci Inna ba.

Maƙwabcin ya ɗago ya dube shi kamar bai gane Hausar ba.

“Allah gafarta Malam, Turanci? A kan allo?”

“A kan allo.”

Kawun, wani tsoho mai kaushin murya, ya ce, “To me aka rubuta a ciki? Mu san abin da 'yar mutane ta sha.”

Malam ya ɗan dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya fassara da kansa, a hankali, yadda yake biya wa yara karatu: “Ina zuwa kasuwa. Yana zuwa kasuwa. Suna zuwa kasuwa. Jiya mun je kasuwa.” Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Maƙwabcin bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya ce Allah ya kyauta, suka fita. Ledar goron tana nan inda ya ajiye ta, ba wanda ya taɓa.

Kafin la'asar magana ta zaga gari, kuma ta yi 'ya'ya a hanya. Wasu suka ce ya yi shekaru yana haka. Wasu suka ce ni na juya masa kai da boko. Na kasa zama, na je na samu maƙwabcin a ƙofar gidansa yana gyara garma, na gaya masa komai, yadda na fito da allon, yadda na tafi shan shayi, da ƙaryar da na yi wa mahaifiyarsa. Ya saurare ni har na gama, bai daina aikinsa ba. Ya ce, “Ticha, kai ai ɗan boko ne, ba a hannunka muka saba karɓa ba. Ni abin da ya tsaya mini, alƙalamin da ya rubuta mini Fatiha ina yaro, shi ya rubuta wancan.” Na yi masa sallama na tafi. Na koma Rano da yamma, satin nan duk yaron da ya yi kuskure a ajina ya ji a jikinsa, kuma na san ba su suka yi mini laifi ba.

Juma'a na dawo na tarar yaran soro sun ragu, an kwashe wasu an kai wata makarantar. Inna ta ji komai a bakin mata, ta daina fita ko ƙofar gida, ni kuma ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Asabar ce ranar suna. A unguwar nan duk wanda aka haifa tun kafin ni, Malam ne ya raɗa masa suna, kuma al'adar ita ce bayan asuba a turo wani babba daga gidan ya zo ya tafi da shi. Da muka dawo masallaci ya shiga ɗaki ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani, ya shafa turare, ya fito soro ya zauna a kan buzu. Na zauna gefe. Mutane suka fara wucewa ta ƙofarmu suna zagawa bayan gida. Wasu su yi sallama da sauri ba tare da sun tsaya ba, wasu su kau da kai kamar suna duba wani abu a ɗaya gefen. Duk takun da ya matso sai in ga Malam ya ɗan gyara zama. Gari ya waye sarai, ba wanda ya shigo.

Can muka ji an yi shiru a bayan katanga, sai muryar wani malami daga wata unguwa ta tashi yana cewa a yi salati. Malam ya ɗaga hannuwansa daga inda yake zaune. Duk addu'ar da aka ja yana cewa amin tare da su, har aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan jaririyar. Ya ce, “Allah ya raya ta.” Sannan ya kai hannu ya fara warware rawanin, zagaye bayan zagaye, yana tara shi a cinyarsa. Na matsa zan taya shi, ya girgiza kai, ya ƙarasa da kansa.